Hannun da ke Bangon Mabruka

Tabarka, 9 ga Fabrairu

Baffa Munsif,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wasiƙar nan ta same ka a tudu ba a teku ba, kuma sanyin Mazara can Italiya bai tayar maka da tarin da aka ce kana fama da shi ba. Ni ne Nidal, autan marigayi Hadi ɗan baffanka. Rabonka da ni tun ina goye, shi ya sa na fara da faɗin ko ni wane ne. Umma tana gaishe ka. Gwiwoyinta sun matsa mata, amma ba ta fasa gangarawa tashar jirage kowace safiya ba. Yayana Lasa'ad lafiya lau, in ban da kunnensa na hagu da bai koma daidai ba tun nutson neman murjani na bara. Ni kuma na gama karatun injiniya a Susa, na dawo gida ina jiran aiki.

Maganar jirginmu Mabruka ce ta sa na rubuto. Ƙafarta ta lalace. Injin da ke ciki ƙalau yake, da kaina na gwada shi. Ƙafar da ke wajen bangon baya, mai ɗauke da farfela, ita ce haƙoran giyarta suka farfashe. Da na zuƙe man, ɓarɓashin ƙarfen da na samu ya cika tafin hannu. Na rubuta wa dillalai a Tunis da Banzart, duk amsarsu ɗaya: kamfanin ya daina ƙera irinta, ko haƙori ɗaya ba za a samu ba.

Hanya biyu ce ta rage mana.

Ta farko, a sa ƙafar wani kamfani. Wannan sai an yanke bangon baya, domin ramin da sabuwa take buƙata ya fi na yanzu faɗi da tsawo. Na auna, na sake aunawa. Yankan zai bi ta kan hannun Baba. Ka san shi, an ce kana wurin ranar da aka saukar da Mabruka ruwa, aka yanka rago, aka tsoma hannu a jinin aka manna a bango. Bayan rasuwar Baba, Umma ta sa Lasa'ad ya rufe shatin da gilashin roba don kada gishiri ya cinye shi. Da na kawo mata maganar yanka ba ta ɗaga murya ba. Miƙo mini hannunta ta yi, ta ce, "Fara da wannan, ya fi kusa."

Ta biyu ita nake jin nauyin rubutawa. Ƙafar jirginka Najma tana nan a ɗakin ajiya na tsohon gidanku. Kamfani ɗaya ne da tamu, lamba ɗaya, za ta zauna a ramin Mabruka ba tare da an taɓa bango ba. Na san abin da ake faɗa a tasha, cewa ba a ɗora wa jirgi ƙarfen jirgin da ya dawo babu mutuminsa. Na san kuma Ziyad da Najma ta dawo babu shi ɗanka ne, bai dace in ambaci sunansa a kan maganar ƙarfe ba. Ka gafarce ni. Amma kayanka ne, ba zan taɓa ba sai da izininka.

Lasa'ad ya ce shi ba ruwansa, zai nutsa a ƙarƙashinta. Yana dariya ya ce mini, "Ƙarfe bai san mutum ba, Injiniya. Ko ba haka aka koya muku ba?" Haka aka koya mana. Sai dai tun ranar ya rage cin abinci. Kuskus da kifin da yake riga kowa gamawa, yanzu juya shi kawai yake da cokali.

A watan Mayu ruwa zai kwanta, masu murjani su fita. In Mabruka ba ta fita ba, Lasa'ad zai nutsa daga jirgin wasu, bai san wanda zai riƙe masa igiya ba.

Akwai abu ɗaya kuma, ban san ko ya cancanci tawada ba. Tun da aka ɗaga Mabruka kan tudu, kowace safiya sai a ga ruwa ja-ja ya gangaro daga ƙarƙashin gilashin, daidai gindin tafin hannun. In goge, gobe ya dawo. Umma ta ce Baba ne bai yarda ba. Ni na ce raɓa ce. Amma raɓa ba ta da launi, Baffa.

Ɗanka,
Nidal

Mazara, 20 ga Maris

Ɗan Hadi,

Wa alaikumus salam. Na dawo daga teku na tarar da wasiƙarka ta kwana a wurin matar da nake haya a gidanta har ta ɗauki warin tafarnuwa. Tari yana nan, mun saba. Ka gaishe da uwarka Dalanda, ka ce mata gwiwa ba ta tsufa ita kaɗai, nawa ma sun fara yi mini gardama. Ka ce wa Lasa'ad ya ɗiga man zaitun mai ɗumi a kunnen, ya daina sa ashana.

Ashe ɗan jaririn nan da ya yi mini fitsari a rigar Idi shi ne ya zama injiniya. Rubutunka kamar na alƙali, sai da na nemi tabarau. Ubanka in zai faɗi magana ɗaya sai ya zagaya tasha sau uku, na ga ka gado shi.

Mutanen nan suna dafa taliya safe da yamma, ba su san yaji ba. In akwai mai zuwa, a aiko mini da harisa, kwaɓin barkonon nan namu, ta gida, ba ta gwangwani ba.

Maganar ƙafa. Makullin ɗakin yana wurin uwarka tun ranar da na bar gari. Ka buɗe, ka duba da idonka, ka duba sosai. Sannan ka yi abin da ɗan Hadi zai yi.

Hannun kuwa, kada kowa ya taɓa shi sai na faɗa.

Jibi za mu sake fita, wannan karon can ƙasa wajen tsibirin Lampedusa, ba a san ranar dawowa ba.

Baffanka,
Munsif

Tabarka, 2 ga Afrilu

Baffa Munsif,

Assalamu alaikum. Wasiƙarka ta iso, mun gode Allah da lafiyarka. Umma ta yi dariya kan maganar gwiwa, ta ce dama kai ne mai gardama, su koyi suka yi. Ta fara daka harisar. Kunnen Lasa'ad da sauƙi.

Na gode da izinin da ka ba ni. Na san ba ƙaramin abu ba ne.

Na buɗe ɗakin da hantsi. Ƙafar tana jingine a kusurwa, naɗe cikin bargo. Na ɗauka zan tarar da tsatsa, shekara ashirin da wani abu ba wasa ba ne. Ko ɗigo babu. An shafe ta da man giris sama da ƙasa, man bai ko bushe sosai ba. Sai da na fita waje na sha iska. Da na tambayi Umma, ta ce da yana raye Baba ne yake zuwa duk kaka ya shafe ta, ya kulle ya dawo, ba ya cewa komai. Wannan ya bayyana man. Bai hana ni jin kamar an bar ta tana jira ba.

Na kwance ta na duba. Haƙoran giya lafiya, sandar a miƙe take, man ciki babu ruwa. Robobin toshe ruwa kaɗai za a sake, su kuwa ana samu. Da na cire farfela na tarar da guntun igiya shuɗiya naɗe a bayanta, ta narke ta manne da ƙarfe. Na san ko wace igiya ce. Kowa a nan ya san yadda iska ta taso ranar, ta juya Najma, farfela ta kama igiyar da Ziyad yake tsaye a jikinta a ƙarƙashin ruwa. Na ciro guntun, na sa a aljihu, ban nuna wa Lasa'ad ba. In faɗi gaskiya, guntun igiya ba ya rage ƙarfin ƙarfe. Haka na gaya wa kaina, na ci gaba da aiki.

Ga abin da ya hana ni sukuni.

Da muka zo gwada zaman ƙafar a bangon Mabruka, ina ɗaure noti sai na ga bangon yana lotsawa a ƙarƙashin sifana, ruwa ja-ja yana tsattsafowa ta gefen notin. Irin ruwan nan na hannu. Na ɗauki ƙaramar guduma na bi bangon ina ƙwanƙwasawa. A gefe yana amsawa da kaifi. A tsakiya kuwa kamar kana dukan kankana. Na shiga ciki na huda ƙaramin rami. Ka san bangon faiba ce, robar nan mai tauri, waje da ciki, katako a tsakani, kuma katakon ne yake ɗauke da nauyin ƙafa. Abin da ya fito daga ramin ba katako ba ne, baƙin taɓo ne mai wari. Na huda wurare da dama don in san iyakar ruɓar. Ta fi muni daidai bayan hannun, tana raguwa in ka nisance shi.

Daga nan na gane ta inda ruwa ya shiga. Notoci huɗun da aka ɗaure gilashin da su sun huda faiba har cikin katako, ba a toshe ramukan ba. Tun rasuwar Baba kowace igiyar ruwa da ta daki bayan jirgin tana barin kaɗan a ciki. Ruwan da yake gangarowa da safe jiƙon ruɓaɓɓen katako ne, rana ta ɗumama shi ya nemi hanya. Yanzu na san dalili. Na ɗauka sanin zai kwantar mini da hankali.

Ma'anar wannan ita ce, ko wace ƙafa aka sa, taka ko ta wani kamfani, bangon ba zai riƙe ta ba. Zai iya kai wata guda, zai iya kai rana guda, ban isa in faɗa ba. In ya buɗe, ruwa zai shiga ta rami mai faɗin tire. Ka fi ni sanin abin da wannan yake nufi ga mutumin da ke ƙasa a jikin igiya, yana jiran iskar jininsa ta sauka, ba shi da ikon fitowa da sauri. Wanda ke cikin jirgi zai iya iyo. Lasa'ad ba zai iya ba.

Dole a cire katakon duka a sa sabo, kuma ruɓar ta ci har fatar waje. Babu yadda za a yi hannun ya zauna a wurinsa.

Na nuna wa Lasa'ad taɓon a tafin hannuna. Ya shinshina, ya ce, "Kaka ɗaya kawai zai ƙara mana, in an rufe ruwa sai ka yi ta yanka." Umma kuwa ban iya gaya mata ba. Ta yaya zan ce mata gilashin da ta sa don ta kare shi ne ya ruɓar da jirgin?

Ka ce kada a taɓa hannun sai ka faɗa. Na fahimci kana bayan Umma, ban ga laifinka ba, ɗan'uwanka ne. Amma ina roƙonka ka sake dubawa. Kai ne babba yanzu. In ka rubuto mata ka ce a yanke, za ta ji.

Ɗanka,
Nidal

Tabarka, 24 ga Afrilu

Baffa,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Ban ji daga gare ka ba. Na san kana teku, amma ina zuwa gidan waya har ma'aikacin ya fara girgiza mini kai tun daga bakin ƙofa. In maganar igiyar ce ta ɓata maka rai, ka yafe mini, bai kamata in rubuta ba.

Lasa'ad ya ɗora ƙafar Najma da kansa ran da na je Janduba neman aiki. Ya sa faffaɗan ƙarfe ta ciki ya ɗaure, wai ya ƙarfafa bangon. Ƙarfe a kan taɓo. Ya riga ya yi magana da mai ƙugiyar ɗaga jirage.

Na yi abin da ban taɓa yi ba. Na cire farfelar na ɓoye.

Ya same ni a tsakar gida ina wanke hannu. Ya ce, "Ina farfelata?"

Na ce, "Tana inda ba za ta kai ka teku ba."

"Kai da ko a bahon wanka ba ka taɓa nutsar da kai ba, kai za ka koya mini teku? Shekara nawa bangon nan yana ɗauke da mu?"

"Da cikinsa yana nan."

"To madalla, Injiniya. Ga Umma can a kicin. Je ka gaya mata ita ta ruɓar da hannun mijinta, ni kuma na huda mata ramin. Je ka mana. Ina nan ina jiran ka."

Ban je ba. Ya san ba zan je ba. Ya ce farfela ba ta fi ƙarfin aro ba, akwai mai irinta a Banzart. Gaskiya ya faɗa.

Abin da ya fi damuna, shi ma tsoro yake ji. Jiya na hango shi daga nesa a bayan Mabruka, ya ɗora tafinsa a kan gilashin kamar yadda yake yi kafin ya nutsa, ya daɗe. Da ya ɗaga hannu ya ga ruwan nan a tafinsa, sai ya goge a wando, ya sake gogewa, ya sake gogewa.

Tun da aka ɗora ƙafar, masu jiragen da ke gefenmu sun daina shan shayi a inuwar Mabruka. Sun dai janye kujerunsu.

Guntun igiyar yana aljihuna har yanzu. Ban san inda ake ajiye irin wannan ba.

Don Allah ka rubuto.

Nidal

Mazara, 6 ga Mayu

Nidal,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Jiya muka shigo, na tarar da wasiƙunka biyu tare, na karanta ta biyun kafin ta farko. Na buga waya shagon kofi na tasharku, na ce a kira mini Lasa'ad. Na gaya masa in ya sa jirgin nan a ruwa ban yafe ba duniya da lahira. Ya ce to. Sauran maganar ba ta waya ba ce.

Wane izini na ba ka, ɗan nan? Cewa na yi ka duba sosai. Na ɗauka in ka ga igiyar za ka mayar da bargo ka ja ƙofa, kamar yadda ubanka yake yi. Hannuna ne ya kasa rubuta a'a, don kada ka ce tsoho ya fifita matacce a kan mai rai. Kai kuma ka ga igiya ka sa a aljihu ka ci gaba da awo. Ban ga laifinka ba. Da na faɗa a fili da ba mu zo nan ba.

Maganar hannu kuma, ba bayan Dalanda nake ba. Bayan kaina nake.

Ranar da za a saukar da Mabruka, ubanka ne ya yanka ragon. Ragon ya yi shure, wuƙa ta zame ta tsaga masa tafin dama. Ka san mai rauni a hannu ba ya mannawa, kada jininsa ya gauraya da na rago teku ya ɗanɗana ya nemi ƙari. Hadi ya tsaya yana riƙe da hannu, jinin rago yana shirin daskarewa a kwano, mutane suna ta ihu a yi sauri. Sai ya waiga ya ce, "Ziyad, zo, kai ne hannunka yake da albarka." Yaron ya zo yana dariya, ya tsoma, ya manna. Har ya ce wa ubanka a biya shi ladan aro. Shekara tana zagayowa teku ya riƙe shi.

Ba mu same shi ba, ka sani. Babu kabari, babu dutse. Shatin nan kaɗai ne wurin da ya taɓa a duniya ya zauna. Ban iya kallonsa ba, shi ya sa nake nan ina cin taliya. Amma duk daɗewar nan na san yana can yana shiga ruwa yana fita, hankalina yana ɗan kwanciya. Dattawan tasha sun sani, sai dai ba a kiran sunan wanda teku ya riƙe a bakin ruwa.

Yanzu na faɗa. Ku yanke. Na ba teku ɗa ɗaya, ba zan ƙara masa da ɗan Hadi don in ajiye shatin jinin rago ba.

Akwai ƙafar wani kamfani a wurin wani mai gyaran jirage a nan, an yi aiki da ita kaɗan, na san jirgin da aka cire ta, mutanensa duka suna raye suna damun jama'a. Zan sa ta a jirgin fito na Tunis, direban motar kifi ɗan garin Kaf zai kawo muku har gida. Ta Najma ku mayar da ita ɗakinta.

Na aiko muku da ƙafa, ku aiko mini da hannu.

Yadda za ka gaya wa uwarka kuwa, wannan ban sani ba. Kai ne mai karatu.

Baffanka,
Munsif

Tabarka, 3 ga Yuni

Baffa Munsif,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, tari ya yi sauƙi da shigowar zafi. Umma lafiya, Lasa'ad lafiya. Ƙafar ta iso, direban ya sha wahalar sauke ta, ya ce a gaya maka bashinsa kwano biyu na kuskus.

Na yi kwanaki da wasiƙarka kafin in iya tunkarar Umma. Na same ta a tsakar gida tana fere kifi. Na ce, "Umma, Baffa ya rubuto a kan hannun."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ya gaya maka na wane ne."

Na ce, "Dama kin sani?"

"Ni na ɗaure wa ubanka tafin ranar. Shekara talatin ina riƙe da hannun mutum, sai in kasa gane shi a bango? Babban yatsan ubanka a karkace yake, na bangon kuwa a miƙe, kai mai awo ba ka lura ba?"

Ban lura ba.

Ta ce, "Ku kuka fara kiran sa hannun Baba kuna yara, shi kuma ya bar ku. Da zai rasu ya ce mini, Dalanda, yaron nan ba shi da kabari, kada ki bari gishiri ya cinye shi. Ban bari ba."

Ta ci gaba da fere kifi. Can ta ce, "Gilashin ne, ko?"

Na so in ce raɓa ce. Na ce, "Ramukan notin ne, Umma. Ba a toshe su ba."

Ta ajiye wuƙar. Ta ce, "Ni na riƙe masa notin, ina miƙa masa ɗaya bayan ɗaya." Sannan ta ce, "Tunda ubansa ya ce a yanke, a yanke. Amma ka ba shi fili. Kada zarto ya kusanci yatsa."

Lasa'ad kuwa da na karanta masa, zama ya yi a kan tsohuwar taya. Ya ce, "Shekara da shekaru ina ce masa Baba kafin in nutsa." Sai ya ce, "To, ai yana amsawa, tunda ina dawowa." Shi ya riƙe mini bangon ina yankawa. Da na kawo masa tsohuwar farfelar daga ƙarƙashin gadon Umma, ya ce da ya san nan take da ya haƙura tun farko.

Na ba shi fili kamar yadda ta ce, faɗin yatsu huɗu ta kowane gefe. Ya fita lafiya, bai tsage ba. Katakon da ke bayansa da hannu muka kwashe shi kamar laka. Mun sa sabo, mun rufe da faiba, na toshe kowane rami da kaina, har waɗanda ba sa buƙata. Sabuwar ƙafar ta zauna daidai. Mun gwada ta a bakin tasha da wajenta, na shiga ciki na sa hannu a bango tana gudu, babu motsi, babu ɗigo.

An yanka rago ranar saukarwa. Lasa'ad ne ya manna. Kafin ya tsoma na kama hannunsa na duba tafin, na duba tsakanin yatsu. Ya ce, "Wannan ma a Susa aka koya muku?" Mutane suka yi dariya. Ban sake shi ba sai da na gama. Wani ya tambayi Umma ko za a sa gilashi. Ta ce a'a, a bar ruwa ya yi aikinsa.

Ya yi nutso uku zuwa yau, ni nake riƙe masa igiya. Masu shayi sun dawo da kujerunsu.

Ƙafar Najma tana ɗakinta. Na mayar da guntun igiyar inda na same shi, na ɗaure farfela a kai. Makullin yana wurina yanzu. In kaka ta zo zan je in shafa mata mai.

Direban zai kawo maka ƙunshi biyu tare da wasiƙar nan. Ƙaramin harisa ce. Babban kuwa hannun ne, na naɗe shi a bargon da ke kan ƙafar Najma, na ba ta wani. Umma ta ce bargon Ziyad ne. Na cire gilashin, na kankare ruɓaɓɓen katakon da ke baya iyakar iyawata, na shanya shi a rana kwana da kwanaki. Duk da haka jiya da safe na tarar da ɗan ruwan nan a gindin tafin. Ragowar danshi ne a cikin faiba, zai bushe, iskar ɗaki ma ta isa. In ka buɗe ka ga bargon ya jiƙe kaɗan, kada ka tsorata.

Kafin in naɗe shi na ɗora hannuna a kai, ban san dalili ba. Nawa ya fi shi girma, Baffa. Ban taɓa tunanin yaro ne haka ba.

Ɗanka,
Nidal